Ruwan Ramin Zinare

Garinmu yana kan tudu a gabashin tafkin Kainji, kudu da Yelwa, wajen ƙasar Ngaski. In ka tsaya a bayan masallacin Juma'a ka dubi yamma, ruwa ne iyakar ganinka. Baƙo in ya zo yakan ce kai, mutanen nan kun ji daɗinku. Ni dai nakan yi masa shiru, don ba a yi wa baƙo rashin kunya tun ranar da ya sauka. Gaskiyar magana, ga ƙoshi ga kwanan yunwa muke yi, kuma mun daɗe muna yi.

Kakanninmu a bakin gulbi suke zaune. Da aka datse ruwa ya cinye tsohon gari, aka hauro da su tudun nan, shi kuwa tudun dutse ne zalla a ƙarƙashi. Rijiya in ka haƙa gaba biyu sai diga ta fara fitar da wuta. Sau uku a sanina ana kawo motar haƙa burtsatse, sau uku tana cika mana kunne da ƙara ta bar mana busasshen rami. Sai tafki ya zama randar kowa. Lokacin sanyi, sa'ad da baƙin ruwa, ambaliyar da gulbi ke kawowa daga nesa, ya cika shi, abin da sauƙi, yana nan gindin gari. Amma da bazara ta kama sai ya ja da baya ya bar taɓo, kullum yana ƙara nisa, mata na bin sa da bokitai da jarkoki. Na bi shi ni ma tun ina ƙarama, na san yadda ƙafa ke nutsewa a taɓon nan da kaya a ka. Har yau in na tuna sai wuyana ya amsa.

Ni ɗiyar masunci ce. Na yi karatun aikin lafiya, na dawo gida aka ba ni ɗan asibitin garinmu mai ɗaki biyu. A nan na ga abin da ruwan tafki ke yi mana, da idona. Amai da gudawa duk farkon damina. Tsargiya kuwa ba a ma ɗauke ta ciwo ba, yaro in ya fara fitsarin jini sai a ce girma ne ya zo masa. In ba shi magani yau, gobe ya koma ruwan da ya ɗauko ta. Abin ya daɗe yana ci mini rai, ni kuma ba mai haƙuri ba ce, duk garin an sani. Inna takan ce da za a haɗa ni da barkono, barkonon ne zai nemi ruwa.

A bayan gari ta gabas akwai wani rami da masu haƙar zinare suka bari. Ba irin ƙananan ramukan nan da samari ke haƙa da diga ba ne. Wasu masu kuɗi ne suka zo da katafila suka yi shekaru suna yankan dutse, har ramin ya kai faɗin filin ƙwallo. Kuma ba zinaren ne ya ƙare musu ba, ruwa ne ya kore su. Tun suna zuƙe shi da inji ɗaya har suka koma uku, kullum safiya su tarar abin da suka kwashe jiya ya dawo. Da suka gaji sai suka naɗe kayansu, suka toshe gangarar da motocinsu ke bi da manyan duwatsu, suka yi gaba. Ramin ya cika. Ruwa garai-garai, kore-kore daga nesa, shiru kamar an rufe randa. Gaɓarsa a tsaye take, ko shanu ba sa sauka. Mutanen garinmu ba su ɗauke shi a bakin komai ba, in an ambace shi ma to ana jan kunnen yara ne kada su je.

Wata shekara aka sa garinmu cikin garuruwan da za a yi wa aikin famfo. Aka turo mana injiniya, wani siririn mutum mai sanyin magana, wanda hularsa ba ta taɓa zama daidai a kansa ba. Ya ce tanki da sola da bututu duk suna nan, abin da ya rage shi ne inda za a jawo ruwan. Ya yi kwanaki yana zagaye da na'urarsa bai sami jijiyar ruwa ba. Tafki kuwa ya ce ba zai yiwu ba, don in ya dasa inji a bakin ruwa yau, da bazara zai tarar da shi a tsakiyar taɓo, ga kuma dattin da kayan da aka ba shi ba za su iya tacewa ba. Ran nan ya shigo asibiti neman maganin ciwon kai, yana ta tsaki. Na ce masa cikin ba'a, to ga ramin zinare can, ruwan da ya kori katafila. Sai na ga ya ajiye maganin ya ce in maimaita.

Da na ga da gaske yake, ni ce na fara jin tsoro. Na san labarin garuruwan haƙar zinare inda gubar dalma ta yi ta ɗibar yara, na kuma san da zaiba ake kama zinare. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai sai ka shafa wa naka ruwa. Na gaya masa ni ba zan sa hannu a abin da zai kashe mutane sannu a hankali ba. Bai yi fushi ba. Ya bi tsofaffin leburorin wurin ɗaya bayan ɗaya, duk suka tabbatar masa dutsen lodinsa ake yi a kai shi wani wuri mai nisa a niƙa a wanke, ba a taɓa wanki a ramin ba. Duk da haka ya ɗebi ruwa a kwalabe, na sama da na tsakiya da na ƙasa, har da lakar gindi, ya aika gwaji birni. Ya yi da damina, ya sake yi da rani. Takarda ta dawo sau biyu da magana ɗaya: babu dalma, babu zaiba, a tace shi da yashi a sa masa magani ya zama na sha. Na sa ya karanta mini, na karɓa na karanta da kaina, na kuma buga wa wata abokiyar karatuna mai aikin gwaje-gwaje ta fassara mini layi-layi. Ranar na yi murna har na manta ban ci abincin rana ba.

Ashe ban san inda aikin yake ba.

Sharaɗin masu aikin shi ne sai gari ya yarda mai gari ya sa hannu, in ba haka ba kayan su wuce wani gari ta wajen Shanga da ke jiran layi. Aka kira taro a ƙofar mai gari. Mata ba sa zuwa irin wannan, amma ni aka ba ni gefen tabarma saboda aikina. Injiniya ya yi bayani tiryan-tiryan, ya ɗaga takardarsa kowa ya gani. Duk ido ya koma wuri ɗaya, wurin Baba, mahaifina.

Baba ba shi da rawani, amma shi ne babban masuntan garinmu. In dai maganar ruwa ce, mai gari ma sai ya ji ta bakinsa. Shi ke cewa yau a shiga, yau kada a shiga, kuma ba a taɓa jin ya faɗa ta zama ƙarya ba. Ya gyara zama ya dubi injiniya da tausayi, irin duban da ake yi wa yaron da ya yi ƙoƙari.

"Malam, mun gode. Amma takarda ba ta shan ruwa," in ji shi. "Mu ɗiyan gulbi na. Ruwan da ka tahiya shi ka wanke kainai, komi ƙazantarshi. Ruwan da yat tsaya wuri guda matacce na. Iyayenmu ba su sha gawa ba, mu ma ba mu sha."

Sai ka ji "awo, awo" daga ko'ina, ana gaskata shi. Wannan magana da ita muka tashi. Ɗan gulbi ya gwammace ya kori kumfa da kashin shanu da hannu ya sha ruwa mai tafiya, da ya sha ruwan kududdufi ko da yana ganin allura a gindinsa. Kuma ba wauta ba ce tsagwaronta, don yawancin ruwan da ya kwanta a ƙasarmu ai ruɓewa yake yi. Ni ma na san haka. Da na yi haƙuri na bari aka watse na bi ta bayan gida, da wataƙila an gama a ranar. Amma ina! Na miƙe tsaye a gaban maza na ce ruwan nan mai tafiya shi ke sa 'ya'yansu fitsarin jini, kuma ni ke wanke gudawarsu ba su ba. Da na tsaya nan ma da sauƙi. Sai na ƙara da cewa da alama dattawan garin nan sun fi son maganar matattu a kan ran masu rai.

Wani tsoho ya ce, "Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba." Baba ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya sa takalmi ya tafi, masunta suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, har tabarma ta koma daga mai gari sai injiniya sai ni. Injiniya ya naɗe takardarsa a hankali. Ya ce zai iya riƙe kayan zuwa Juma'a mai zuwa, bayan nan ba shi da iko. Na koma asibiti na kulle ƙofa na yi kukan haushi, haushin kaina ya fi na kowa.

Kwana uku ban taka gidanmu ba. Na yi ta bin mata ina lallashi, su kuwa duk suna so, wa zai ƙi famfo a ƙofar gida, amma kowace sai ta ce mini maigida ya ce in Baba bai sha ba su ma ba su sha. Har na cika kofi da ruwan ramin na shanye a bakin kasuwa kowa na gani. Wata mai tuyar ƙosai ta ce madalla, za su zuba mini ido zuwa kwana arba'in. Ni kuwa kwana huɗu suka rage mini.

Ran na huɗu Inna ta aiko in zo. Na tarar da Baba a gindin darbejiya yana ɗinkin taru, ko ɗaga kai bai yi ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da hanci. Na ba shi haƙuri, kuma da zuciya ɗaya na bayar, don na san na yi ba daidai ba. Ya ci gaba da ɗinkinsa. Inna tana gefe tana gyaran kifin banda, ta yi mini ido wai in tashi in tafi tun ana shaida juna. Ban tashi ba. Idona ya sauka kan wasu 'yan goruna uku da ke rataye a jikin bango, da zarensu a naɗe.

Waɗannan goruna tun ina yarinya na san su. Kowanne bai fi dunƙulen hannu biyu ba, a cike da yashi yadda zai nutse, an ɗaure shi da dogon zare zuwa wani guntun kara mai shawagi. Baba yana ce musu 'yan aike. Kafin ya sa taru ko mamari mai ƙugiyoyi a wurin da bai sani ba, sai ya saki ɗaya. Goran ya nutse ƙasa inda iska ba ta kaiwa, in akwai ruwa mai tafiya a can sai ya ja shi, karan da ke sama ya bi. Ta haka yake sanin abin da ke gudana a ƙarƙashi ko da saman ya yi lumus. Sau nawa na ji yana yi wa samarin masunta faɗa cewa wanda ya yarda da fuskar ruwa bai daɗe a jirgi ba.

"Baba," na ce, "ka taɓa zuwa ramin ga?"

"Mi za ni ɗauko can?"

"To wa yag gwada shi har anka san matacce na?"

Allurar ta tsaya a hannunsa.

"Ni dai tun da nit tashi ban taɓa ganin ka yanke ma ruwa hukunci daga bisa tabarma ba," na ce. "Kai ka hana yara yarda da huskar ruwa. In 'yan aikenka sun shiga sun ce matacce na, wallahi na bar maganar ga har abada, in tahi ƙohwar mai gari in ce ƙarya ni kai."

Inna ta ce, "Ke, wai ba ki da linzami?" Amma na ga tana danne dariya. Baba ya daɗe yana kallona. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan ai a wurinsa na gado, kuma na san abu ɗaya da ba ya iya haɗiyewa shi ne a ce ya faɗi abin da bai gwada ba.

"Gobe da sahe," in ji shi. "Ki kira injiniyan naki ya zo ya ga kunyarku."

Abin da ya faru washegari har yau ana ba da labarinsa. Aka jawo ƙaramin jirgin Baba daga taɓo aka ɗora a amalanken shanu, aka hau tudu da shi, aka ratsa tsakiyar gari. Tun da aka kafa garin ba a taɓa ganin jirgi ya juya wa tafki baya ba. Masu shayi suka bar tukunya, mata suka leƙo ta katanga, sannan suka yafa gyale suka biyo. Wani ya ce dattijo zai je su a gonar gero. Baba na tafe a gaba da gorunansa a kafaɗa, fuska a murtuke, kamar mai zuwa karɓar gaisuwar mutuwa. Ni ina can baya cikin mata. Sai a lokacin na tuna ni ma ban san amsar ba. Na san ruwa ya kori masu katafila, amma ko har yanzu yana shigowa, ko ya cika ya kwanta, Allah kaɗai ya sani.

Majiya ƙarfi suka ɗaga jirgin suka tsallake duwatsun da shi suka sa a ruwa. Rana ba ta yi sama ba, iska ba ta tashi ba, Baba da kansa ya zaɓi lokacin don kada a ce iska ce. Ya shiga shi kaɗai, ya tuƙa a hankali zuwa tsakiya, ya jira har ruwan ya manta da shi. Jama'a suka yi layi a kan gaɓa ana leƙe.

Ya saki na farko da zare gaba ɗaya. Karan ya zauna inda aka ajiye shi. Aka jira, aka jira, ko gezau. Ya saki na biyu da zare gaba uku. Shi ma ya zauna kusa da ɗan'uwansa. Sai surutu ya fara tashi. Tsohon nan mai maganar albasa ya ce ai dama an faɗa. Mai ƙosai ta dafa ni ta ce in yi haƙuri. Na ture hannunta. Na dubi injiniya, ya cire hularsa yana murzawa. Na fara shirya kalmomin da zan faɗa a ƙofar mai gari, kowace tana yi mini ɗaci a baki.

Da Baba mai son kansa ne, nan zai juyo, kuma ba wanda zai ce masa don me. Ya riga ya ci. Amma sai na ga ya zauna yana duban bangon dutsen ta gabas, inda wani tsagi ya sauko daga sama ya shige cikin ruwa. Ya ɗauko gorunan biyu, ya tuƙa ya matsa can. Ya kwance zaren na uku ya ƙara masa na sauran biyun, ya yi ta saki, ya yi ta saki, har na ce zaren zai ƙare. Ya ajiye karan ya janye hannunsa ya harɗe a ƙirji don kowa ya gani.

Da farko ba komai. Can sai karan ya yi wani ɗan sunkuyo, ya juya kansa. Ya fara tafiya. A hankali ƙwarai, tafiyar hawainiya, amma yana barin jirgin, yana nufar yamma. Na ce ko idona ne. Sai wata mata kusa da ni ta ce, "La ilaha illallahu, yana tahiya!" Baba ya bi shi ya ɗauko, ya koma gindin tsagin ya sake saki. Ya sake tafiya, hanya ɗaya. Ya yi na uku. Sannan ya jawo zaren da sauri, ya kama goran yana ɗiga ya manna a kumatunsa, ya daɗe a haka. Daga baya ya gaya wa Inna sanyinsa ya yi na ruwan sabuwar randa.

Wani Bafulatani makiyayi da ya tsaya kallo da sandarsa a kafaɗa ya ce shi bai ga abin mamaki ba. Ya nuna can ƙasan tudu ta yamma, ya ce akwai wata 'yar fadama da ciyawarta ba ta bushewa ko da bazara, tun bayan da ramin ya cika, a nan suke kiwon maruƙa. Ruwan ta nan yake fita. Aka ce don me bai taɓa faɗa ba. Ya ce wa ya tambaye shi.

Baba ya tuƙo zuwa gangara. Bai fito ba tukuna. Ya miƙe tsaye a cikin jirgi, ya dubi jama'a, ya ɗaga murya yadda na can ƙarshe zai ji.

"Jama'a, ni nic ce matacce na. Ban gwada ba nif faɗi. Ruwan ga yana da rai, daga ƙasa ya ka shigowa, yana hita ta yamma. Gulbi na, Allah ya ɓoye shi cikin dutse."

Ya sunkuya ya kamfata da hannu biyu, ya yi bisimilla ya sha. Injiniya ya yi ta ɗaga hannu yana cewa a bari sai an tace tukuna, amma wa ke jin sa. Mata suka rangaɗa guɗa har dutsen ya amsa. Ni ban san lokacin da na kama mai ƙosai na rungume ba, ita da na ture ɗazu. Na yi dariya, na yi kuka, na ce wa tsohon albasa ina kwana da ƙarfi har sau biyu. Daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba zan ɓoye ba, har da daɗin cewa ni ce da gaskiya. Kafin azahar mai gari ya sa hannu.

Aikin ya ci watanni, kuma ba a rasa gardama ba. Injiniya ya sa inji ya zuƙi ruwan kwana da kwanaki don ya ga ko zai ja baya, bai ja ba sai ɗan kaɗan, ya kuma dawo. Aka kewaye ramin da waya. Aka gina wurin tacewa da yashi da tsakuwa, aka kafa tanki a kan ƙafafun ƙarfe, aka jera faifan sola. Samari suka haƙa hanyar bututu a dutsen nan suna zage-zage. An yi rigima a kan unguwar da za a fara kai wa famfo har sai da liman ya shiga. Aka koya mini awon maganin da ake sawa, aka kuma ɗora mini ɗibar ruwa a kwalba lokaci-lokaci a aika gwaji, don ni na nace kada a ce an gwada sau biyu shi ke nan. Masunta da kansu suka kafa doka: ba wanki, ba wanka, ba jefa birgin kamun kifi a ramin. Baba ne ya fi kowa zafi a kai. Mutumin da ya ce gawa ne, ya koma in ya ga akuya ta doshi wayar sai ya bi ta da jifa. A majalisa kuwa in ana labarin, sai ka rantse shi ya gano ramin tun farko. Na bar masa, ai girmansa ne.

Ranar buɗewa aka taru a famfon bakin kasuwa. Mata sun jera bokitai tun daga nan har ƙofar masallaci, wasu har da tukwanen da ba su da abin yi da su, don dai a ce da su aka fara. Aka yi addu'a. Mai gari ya ce babu wanda ya cancanci ya fara murɗa famfon nan sai Baba. Aka buɗa masa hanya. Ya zo ya tsaya a gabansa da babbar rigarsa ta Juma'a, ya kai hannu, sai ya fasa. Ya juya yana duba cikin mata.

Ni ce 'yar fari a gidanmu. A al'adarmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya ma nuna ya san da shi a gaban mutane. Tun da aka haife ni "ke" nake a bakin Baba, in ya matsu ya ce "waccan". Ranar, a gaban mai gari da liman da duk mutanen kasuwa, ya buɗe baki ya kira sunana, cikakke, har da na kakata da aka sa mini. Ban amsa ba, don ban taɓa jin muryar da sunan a tare ba. Sai da Inna ta tura ni daga baya.

"Taho ki buɗe," in ji shi. "Kin riga ni gani."

Na murɗa. Famfon ya yi tari, ya yi tsaki, ya fesa iska, sannan ruwa ya zubo, fari tas, da ƙarfinsa, ya jiƙa mini zane har gwiwa. Ban matsa ba. Baba ya naɗe hannun rigarsa, ya durƙusa a gabana ya tara hannu biyu, ya ce in riƙe masa kan famfon zai yi alwala.